Baba Kunne, Wanda Ya Koya Mini Tayar da Tsohuwar Mota

Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Satumba, da hantsi, Allah ya karɓi ran maƙwabcinmu, tsohon bakaniken nan da kowa ya sani da Baba Kunne, a gadon asibiti, bayan jinyar kwana tara. Ya bar duniya yana da shekara tamanin da ɗaya. Ina cikin gareji ina kankare tsatsar ƙofar mota lokacin da wayar babbar 'yarsa ta shigo. Ba ta ja magana ba. Ta ce, "Hedimasta, Baba ya cika." Na ajiye sanfefar da ke hannuna, na zauna a ƙasa. Dukanmu na Allah ne, kuma wurinsa kowa ya nufa.

Baba, na san da kana nan da ba ka bari na yi wannan rubutu ba. Da ka ce, "Hedimasta, ajiye biro ka ɗauko sifana." Amma akwai alherin da idan mutum ya yi shiru a kansa ya zama butulu, naka kuwa yana cikinsu. Ka yi mini haƙuri, yau kaɗai.

Saboda waɗanda ba su san ka ba, bari in faɗi kaɗan. Shekara hamsin da 'yan kai ka yi kana gyaran mota. Laƙabin Kunne ya samo asali ne daga yadda kake gano ciwon inji: ka ɗauki dogon sukudireba, ka kafa bakinsa a jikin injin yana aiki, ka manna ƙotar a kunnenka, ka lumshe ido. Kafin mai mota ya gama kora bayani, ka riga ka gaya masa inda matsalar take. Da ganinka ya fara dushewa sai ka miƙa garejin ga waɗanda ka koya wa aiki, ka dawo gida ka zauna.

Shekara ashirin muka yi a layi ɗaya, gidaje huɗu ne tsakaninmu, amma ban taɓa wuce "ina kwana" da kai ba. Ni shugaban makaranta ne a lokacin, mai farar riga da jakar takardu, kai kuma baƙin mai ya riga ya zauna a ƙarƙashin faratanka. Da an tambaye ni da na ce ban raina ka ba. Sai dai ban taɓa kawowa a raina cewa akwai abin da zan koya a wurinka ba, kuma yanzu na gane wannan ma raini ne.

Shekara uku da suka wuce, ina tsaye gaban ɗalibai da safe, ɓarin jikina na hagu ya shanye. Allah ya taƙaita: ƙafa ta dawo bayan 'yan watanni, baki ya kusa miƙewa, amma hannu ya ƙi. Yatsu suka lanƙwashe kamar na mai riƙe da abin da ba a gani. Na ajiye aiki ba da son raina ba. Likita ya ba ni wata ƙwallon roba ya ce in riƙa matsawa sau ɗari safe da yamma. Na yi kwana huɗu ina yi, a na biyar na wurga ta bayan kabad. Mutumin da yara dubu suke tsit idan ya yi gyaran murya, yau ga shi ba ya iya ɓalle maɓallin rigarsa. Na daina fita. Na daina amsa waya. Abokai suka zo, na sa aka ce ina barci, har suka gaji. Matata, wadda ba ta yi mini komai ba sai alheri, ita ta sha duk ɗacin da ke bakina. Idan ta taimake ni in ce ta mayar da ni jariri, idan ta ƙyale ni in ce ta gaji da ni.

A bayan gidanmu akwai gareji, a cikinsa kuma akwai motar mahaifina, wadda ta shekara ashirin da biyu a rufe da tamfol. Irin ta dā ce, mai zagayayyun fitilu, da bamba mai sheƙi gaba da baya, da kujerar gaba doguwa kamar ta falo, giyarta a jikin sitiyari. Mahaifinmu yana kiranta 'Yar Gata, mu kuwa 'ya'yansa muna cewa sunan ya dace, domin ita ake fara yi wa wanka kowace safiya kafin a waiwayo mu. Tun rasuwarsa nake cewa wata rana zan gyara ta, alhali ko fulogi ban taɓa kwancewa ba a rayuwata. Da ciwo ya zo, sai ganin tamfol ɗin nan ta tagar ɗakina ya zama mini abin haushi. Na ce wa matata ta nemo masu sayen tsohon ƙarfe su zo su ja ta, in huta. Ta ce to, amma in fita in kwashe takardun mahaifina daga ciki tukuna.

Wata safiyar Asabar na buɗe ƙofar garejin da ke kallon titi, na yaye tamfol da hannu ɗaya. Tayoyi huɗu sun kwanta. Ƙura ta yi kauri, ɓeraye sun cinye rabin kujerar baya. Ina tsaye ina kallo sai na ji sanda tana ƙwanƙwasa dakali, na juya, sai ga ka.

Ka yi sallama, ka ce, "Hedimasta, warin tsohon fetur nake ji tun daga titi. Wace ce a nan?"

Na ce tsohuwar mota ce, za a zo a ɗauke ta. Ka jingine sandarka, ka bi jikinta da tafin hannu tun daga fitila har but, kana ƙwanƙwasa nan da can da bayan yatsa. Ka sa na buɗe bonet, ka zaro ma'aunin baƙin mai ka shinshina, ka murza shi tsakanin yatsu biyu. Sannan ka ce, "Babu ruwa a cikin man. Wanda ya ajiye ta ya san abin da yake yi. Ka ba ta kwana goma, idan ba ta amsa ba ni da kaina zan raka ka wurin masu ƙarfe."

Na nuna maka hannuna na ce, "Baba, da wannan?"

Ka ce, "Ni ba na gani sosai, sai ka gaya mini. Yana jin zafi idan ka taɓa wuta?" Na ce yana ji. Ka ce, "To da sauransa. Kawo kujera."

A ranar ka sa na kwance fulogi huɗu. Aikin da yaron gareji zai yi cikin minti biyar, na yi shi daga hantsi har azahar, gumi yana shiga mini ido. Muka zuba kananzir gauraye da mai a kowane rami, domin injin ya kafe, ko gezau ba ya yi. Kowace safiya ka zo, in sa doguwar sifana a gaban injin in danna, ba motsi, mu ƙara mai, ka sha shayinka ka tafi. A rana ta tara na danna, sai na ji abu ya saki a ƙarƙashin hannuna. Bai fi faɗin yatsa ba. Ka ji ƙarar kafin in yi magana, ka buga sandarka a ƙasa ka ce, "Ta amsa!" Ban ƙara yin zancen masu ƙarfe ba.

Tun ranar farko ka kafa mini doka ɗaya: kai ba za ka taɓa kayan aiki ba. Ka ce idonka ya tafi, kada ka ɓata wa mutane mota. Kana zaune a kujerar roba a bakin ƙofa, sanda tsakanin gwiwoyi, ni ina ƙarƙashin bonet ina faɗa maka abin da nake gani, kana gaya mini sunansa da aikinsa. Idan na kwance abu sai in miƙa maka, ka juya shi a hannu, ka ce a wanke a mayar, ko ka ce ya gama yayinsa. Duk noti mai buƙatar hannu biyu kuwa, sai ka ce hagu ta riƙe, dama ta juya. In ce ba za ta iya ba, ka ce, "Gwada, ba inda za mu je." Sifana ta faɗi sau goma, sau goma kana cewa in ɗauka. Ba ka taɓa ce mini sannu ba a kan hannun nan, ko sau ɗaya. Kowa a lokacin sannu yake ce mini, kuma ba abin da na tsana kamar ita.

Na yi shekara talatin ina ba da umarni, sai ga ni ina karɓa. Ka ji daɗin wannan, ba ka kuma ɓoye ba. Idan na manta inda wata waya ta fito, sai ka girgiza kai ka ce, "Wannan ɗalibi sai an kira iyayensa." Kai ka koya mini in riƙa zuba kusoshi a gwangwanaye, kowanne da takardarsa, in kuma zana hoton abu kafin in wargaza shi. Da na kawo maka littafin da na cika da zane da ja da shuɗin biro, ka shafa shafukan ka ce a nan dai na fi ka, domin kai duk a ka kake ajiyewa, shi ya sa gashi ya gudu.

Kicin ɗin matata ya shiga uku a watannin nan. Farantin tangaran ɗinta na baƙi, a ciki na jiƙa kabireta, abin nan da ke gauraya fetur da iska. Mazurarinta ya koma na zuba mai. Wata rana ta shigo tana neman rariyar shayi, ta same ta a hannuna ina tace tsatsar tanki da ita. Ta dube ni, ta dube ka. Ka yi maza ka ce, "Uwar gida, ni makaho ne, ban ga komai ba." Ta fashe da dariya, ni ma na yi. Daga baya ta gaya mini cewa rabonta da jin dariyata tun kafin ciwo.

Ba zan ɓoye ranar da na yi maka rashin kunya ba, domin a ranar na san ko kai wane ne. Wata na bakwai ne, mun wanke kan injin, mun sa sabon gaskit, shimfiɗar nan da ke hana yoyo, ina ɗaure kusoshin da ke riƙe kan injin. Ka gaya mini sau uku in bi su a hankali, ɗaya nan ɗaya can, kaɗan-kaɗan. Ni kuwa na ƙosa in ga ƙarshe, ga kuma ƙarfi ya fara dawo mini ina son in gwada shi. Na ɗora bututu a kan sifana don ta ƙara tsawo, na danna da dukan nauyina. Sai ƙas! Kusa ta karye, rabinta ya maƙale can cikin jikin injin.

Ka ce, a hankali, "Ta tafi ko?"

Abin da ya fito daga bakina ina jin kunyarsa har yau. Na ce kai kana zaune kana shan shayi kana ba da oda, ni da hannu ɗaya da rabi nake wahala. Na ce da ka ga dama da ka tashi ka ɗaure da kanka. Na ce ka mayar da ni abin nishaɗinka saboda zaman gida ya ishe ka. Na jefar da sifana ta bugi bango. Ka miƙe, ka lalubo sandarka, ka ce, "Sai da safe, Hedimasta," ka fita. Na ja ƙofar gareji na sa kwaɗo.

Kwana goma sha ɗaya na yi ban buɗe ta ba. Na koma ɗaki, na koma halina na dā. Amma kowace safiya, daidai lokacin da ka saba, ina jin sandarka. Ka zauna a dakalin ƙofar gida, matata ta kawo maka shayi, ku yi hirar zafin gari da ciwon gwiwa, ka tashi ka tafi. Ba ka aika a kira ni ba, ba ka kuma tambayi ina nake ba. Ina kwance ina jin ku, kunya tana ci na. A rana ta goma sha biyu na ji muryoyi biyu. Na leƙa, na gan ka tare da wani dattijo mai furfura, riƙe da akwatin ƙarfe. Na fito, na durƙusa a gabanka, abin da ban yi wa kowa ba tun rasuwar mahaifina, na fara ba da haƙuri. Ba ka bari na kai ƙarshe ba.

Ka ce, "Tashi, gwiwarka ba ta da lafiya. Ni ma ranar da na fara karya irin wannan kusa na zagi maigidana, sai dai ni a zuci na yi. Ga mai walda na kawo maka, ni na koya masa riƙe ƙarfe. Akwai aikin da mai koyo zai yi, akwai wanda ake kiran mai shi. Ina makulli?"

Mai waldan ya liƙa noti a kan guntun kusar, ya bar shi ya huce, ya juya shi a hankali, sai ga ta ta fito. Bai kai rabin sa'a ba. Abin da na ɗauka ƙarshen komai ne ke nan. Yana haɗa kayansa ya ce mini, cikin raɗa, shi ma ya taɓa gudu daga garejinka har wata biyu bayan ya ƙona injin wani, kai ka bi shi har gidan kawunsa ka dawo da shi, ba ka kuma taɓa tayar da maganar ba.

Na ƙara ganin girmanka ranar da muka je kasuwar tsofaffin kayan mota neman famfon mai, domin namu ya ruɓe kuma an daina ƙera irinsa tun tuni. Ina riƙe da gwiwar hannunka muna ratsa layuka, sai na ga mutane suna miƙewa daga kan benci. Wannan ya ce Baba ga kujera, wancan ya ce Baba ga ruwa. Wani mai rumfa ya zazzage buhu guda a gabanka. Ka tsuguna ka cusa hannu cikin tarin ƙarafa, kana ɗauka kana ajiyewa, ba ka ko duban su. Can ka ɗago wani baƙin dunƙule ka ce, "Ga ɗan'uwanta." Ni da nake da ido biyu da hoton abin a littafi na wuce shi sau biyu ban gane ba. Muka kawo shi gida, ya zauna daram kamar a wurin aka haife shi.

Wata goma sha huɗu cif bayan ranar da na yaye tamfol, wata safiyar Litinin, muka sa sabon batir. Ka ce in ɗiga fetur kaɗan a bakin kabireta, in taka totur sau biyu, in murɗa makulli. Na yi bisimilla na murɗa. Ta yi tari ta yi shiru. Na sake, ta sake. A karo na biyar ta kama, garejin duka ya girgiza, salansa ta tofo sheƙar ɓera da baƙin hayaƙi har kan shanyar matata. Ta fito da gudu da ludayi a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa ta rufe baki da gyale. Ni kuwa ƙarar ce ta kama ni. Ita ce ƙarar da muke ji muna yara mu san mahaifinmu ya shawo kwanar gida, mu ruga mu buɗe masa ƙofa. Ban san tana nan a cikin kaina ba sai da na ji ta.

Kai ba ka tsaya murna ba. Ka ce in kawo dogon sukudireba, in kafa shi a inda ka nuna, ka sunkuyo ka ɗora kunnenka a kan ƙotar. Wannan ne karo na farko da na ga abin da ya ba ka suna. Fuskarka ta sake, ka koma kamar ɗan shekara arba'in. Ka ce, "Fulogi na uku yana ɗingishi, sassauta wancan kaɗan. Ƙara. Tsaya nan." Injin ya daidaita, ya koma wani irin gurnani mai laushi. Sai da ka ɗago na lura da hannun da na riƙe maka sukudireban da shi, ashe na hagu ne, injin yana jijjiga shi, bai kuma saki ba. Na dube ka in gaya maka, ka riga ni: "Kashe ta, kada ta yi zafi. Gobe birki."

Wata uku bayan haka muka fitar da ita titi. Ba fenti, jikinta dabbare-dabbare kamar akuya, kujerar baya katifa muka shimfiɗa. Kai a gaba, matata da Iya, maiɗakinka, a baya. Muka zaga unguwa, muka hau babban titi, iska tana shigowa ta 'yar tagar nan mai kusurwa uku. A daidai mahaɗar hanya, inda motoci suka fi yawa, ta mutu. Direbobi suka taso mana da hon ta ko'ina. Na rikice, gumi ya karyo mini. Iya ta ce daga kujerar baya, "Shekara hamsin ke nan duk motar da ya sa ni a ciki sai na tura." Ka ce, "Ai shi ya sa har yanzu kike da ƙarfi." Wasu bayin Allah suka tura mu gefe. Ka ce ba za ka faɗi komai ba, in nemo da kaina. Na buɗe bonet, na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ka koya mini, na sami wadda ta zame, na mayar. Ta tashi. Duk hanyar komawa gida kana ta kaɗa yatsu a kan gwiwa.

Da ciwonka ya kwantar da kai na je asibiti sau huɗu. A zuwa na ƙarshe numfashi ya yi maka wuya, amma ka yafito ni. Na sunkuya ina zaton wasiyya ce. Ka ce kada in yarda mai fenti ya rufe tsatsa, in kankare har sai ƙarfe ya yi fari, ko da zai ɗauki wata shida. Na ce na ji. Na kama hannunka da hagu, na matsa, ka matsa. Ka ce, "Lallai." Maganarka ta ƙarshe gare ni ke nan.

Bayan an kai ka, na je yi wa iyalinka gaisuwa, a nan na ji abin da ka ɓoye mini shekara biyu. Babbar 'yarka ta ce, "Hedimasta, ka san hannun Baba lafiyarsa ƙalau? Da lalube zai iya haɗa injin nan cikin wata guda." Ta ce idan ka dawo daga wurina, musamman ranar da na daɗe ina fama da noti ɗaya, hannuwanka har ƙaiƙayi suke don son aiki. Sai ka kama duk abin da ka samu a gida ka kwance. Keken ɗinkinta ka wargaza shi ka haɗa ya fi sau goma. Fankar falo, famfon tsakar gida, agogon bango, ba wanda ya tsira. Iya ta ce ta taɓa tambayarka me ya sa ba za ka taimaki bawan Allah ka gama masa ba. Ka ce mata, "Motar ai ba ta da gaggawa. Shi nake jira."

A hanyarmu ta dawowa na gaya wa matata. Sai ta ce ita ma tana da nata. Ranar da na ce a kira masu ƙarfe, ba wurinsu ta je ba, gidanka ta je. Ta zauna a gabanka tana kuka, ta ce mijinta yana mutuwa a zaune, ta rasa yadda za ta yi. Ka tambaye ta me nake so a duniya, ta ce yanzu ba komai, amma dā yana yawan zancen motar babansa. Ka ce ta sa in buɗe garejin ranar Asabar da safe, sauran ta bar maka. Ashe ba warin fetur ne ya kawo ka ba. Mutumin da ya shekara ashirin yana wuce ka da gaisuwar fatar baki, ka ba shi safiyoyinka na ƙarshe a duniya, ka zauna ka danne hannunka kana sauraron shi yana ɓata aikin da ka fi kowa iyawa. Ban san da wane baki ake gode wa irin wannan ba.

Yau ina ɓalle maɓallina da kaina. Ina fita, ina karɓar baƙi, na nemi gafarar matata kuma ta yafe. Motar saura ƙofa biyu da fenti da kujerar baya. Zan gama ta in Allah ya ba ni kwana, a hankali, yadda ka ce.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Iya, wadda ta yi zaman shekara hamsin da huɗu da kai, ta kuma ba mu aron ka kowace safiya ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Allah ya sanyaya zuciyarki, Iya, ya ba ki haƙurin da ya fi ƙarfin wannan rashi. Ina yi wa babbar 'yarsa da ƙannenta huɗu da jikoki ta'aziyya; ku sani mahaifinku ya bar muku sunan da duk inda kuka ambace shi za a miƙe a ba ku wurin zama. Ina yi wa mai walda da dukan waɗanda suka koyi sana'a a hannunsa ta'aziyya, su da na ga sun cika layinmu ranar jana'iza, da furfurarsu da baƙin mai a hannu, suna kuka kamar yara. Ku sa ni a ƙarshen layinku, ni ne autanku.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka mayar masa da ganinsa a inda ido ba ya dushewa. Ka sa duk matafiyin da ya isa gida lafiya ta dalilin aikin hannunsa, da duk gidan da ake ci daga sana'ar da ya koyar, su zama nauyi a mizaninsa. Ya yi haƙuri da bayinka a lokacin da suka kasa haƙuri da kansu. Ka yi masa rahamar da ta fi haƙurinsa yawa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Mu da ya bari, ka kyautata namu ƙarshen. Amin.